Addu'ar Bayan Labule

Duk matar da ta zauna a gidajen bariki ta san wata doka da ba a koyar da ita a ko'ina. Idan motar gwamnati ta tsaya a layi, mutum biyu suka fito cikin kakin ado, to an zo gaya wa wata cewa mijinta ba zai dawo ba. Ba a aiko da irin wannan labari ta waya, da ƙafa ake kawo shi, takalmi a goge. Shi ya sa tun da aka kwashe bataliyar mazajensu zuwa bakin daga, matan layin su Corinne Tillery suka haddace ƙarar motar kowane gida.

Gidan Corinne da na Yesenia Ocasio gini ɗaya ne aka raba biyu. Hanyar siminti ɗaya ce ta taso daga titi, sai a bakin baranda ta rabu, hagu ƙofar Corinne, dama ta Yesenia. Mazajensu, Lamar da Efrain, a can ma tanti ɗaya suke kwana. Su kuwa matan sun zama hanta da jini. Ranar da naƙuda ta kama Yesenia, Corinne ce ta tuƙa ta asibiti tana zagin duk wata danja da ta tsayar da su.

Ranar Godiya ta bana, bikin da Amurkawa ke taruwa duk shekara su ci abinci tare, sun shirya a ci a gidan Yesenia, da su da wasu matan layin. Sanyin ƙarshen kaka ya shigo, iskar Kansas tana ta tara busasshen ganye a gindin ƙofofi. Tun da hantsi aka fara tsiya ta cikin bango, don bangon bai fi kwali kauri ba.

"Ke Corinne! Ƙaurin me nake ji? Kin ƙona talotalon nan ko?"

"Hancinki dai! Ki ji da shinkafarki, wadda bara sai da muka haƙe ta kamar masu gina rijiya."

"Oho, wa ya kankare ƙanzon tas? Mara kunya kawai."

Corinne tana dariya tana shafa wa talotalo man shanu, sai ta ji ƙarar motar da ba ta layin ba. Ta ɗaga gefen labule. Farar mota ce mai lambar gwamnati, ta tsaya daidai bakin hanyarsu. Mutum biyu suka fito cikin kakin ado, ɗaya matashi, ɗaya mai furfura da alamar gicciye a ƙirji. Suka gyara huluna, suka dubi lambar gidan, suka taho.

Corinne ta tsaya riƙe da labulen. Hanyar gajera ce, amma ta ishe ta yin addu'a, kuma ga abin da ta roƙa: "Ubangiji, dama. Su yi dama. Don girmanka, dama." Kada wani ya yi mata uzuri wai ba ta san abin da take faɗa ba. Ta san wace ce a dama, ta san akwai jaririyar da ko zama ba ta fara ba. Ta sani sarai, kuma ta roƙa da dukan zuciyarta.

Suka yi dama.

Corinne ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da tanderu mai zafi, bakinta yana ta "na gode, na gode, na gode." Tun da aka haife ta ake zaunar da ita a tebur irin wannan rana a ce ta faɗi abin da take godiya a kai, ba ta taɓa yin godiyar da ta kai wannan gaskiya ba. Ta ji an ƙwanƙwasa. Ta ji jaririya ta tsala kuka. Ta ji muryar Yesenia, siririya kamar ba tata ba, tana cewa, "Ba zan buɗe ba. Ku koma. Ba kowa a gidan." Corinne tana jin duk wannan, amma ba ta tashi daga inda take ba.

"Madam Ocasio, barka da Ranar Godiya!" in ji wata murya cike da fara'a. "Laftana Whitlock ne, da Fasto Brandvold. Mun kawo wa iyalai talotalo da wainar kabewa, suna bayan mota. Ku nawa ne a gidan?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Al'ada ce a wannan rana hafsoshi su sa kakin ado su raba wa ƙananan sojoji abinci da hannunsu. Da aka gama, abinci ya yi saura, sai Laftana, wanda bai daɗe da fitowa daga makarantar hafsoshi ba, ya ga ai ladan ya fi yawa in an bi matan da mazajensu ba sa nan. Faston ma sabon shiga ne, kwanan nan ya baro cocinsa na ƙauye. Babu wanda ya tuna da abin da ke jikinsa a cikinsu.

Yesenia ta buɗe ƙofa da ƙarfi.

"Talotalo? Talotalo ka ce? Kai yaron nan, wa ya raine ka? Ku biyu, da wannan kaya, da wannan mota, a wannan layi?"

"Madam, na rantse ban yi tunanin..."

"Ai na ga alama! Kai kuma Baba Fasto, da furfurarka? Ku tuɓe rigunan nan yanzu kafin ku ƙara taku ɗaya. Maƙwabciyarmu matar Delgado cikinta ya tsufa, so kuke ta haihu a bakin taga?"

Haka suka ƙarasa layin daga su sai 'yar shara cikin wannan sanyi, kowanne riƙe da tire a gaba yana ɗaga shi tun daga nesa.

Da la'asar tebur ya cika, aka yi ta maimaita labarin ana irin dariyar wanda mota ta kusa takawa. Sai aka kama hannun juna kamar yadda aka saba, kowa ta faɗi abin godiyarta. Wata ta ce lafiyar yara, wata ta ce wayar da mijinta ya samu ya bugo jiya. Hannun Yesenia yana cikin na Corinne, ɗumi gare shi, Corinne kuwa ji take kamar ta riƙe garwashi. Da aka zo kanta ta buɗe baki, sai godiyar ɗazu ta faɗo mata a rai.

"Na gode talotalo bai ƙone ba," ta ce. Aka kwashe da dariya aka wuce.

Bayan baƙi sun watse suka tsaya wanke-wanke, Yesenia tana wankewa, Corinne tana gogewa. Kunya ta ishi Corinne har ta gwammace a tsane ta da ta ci gaba da riƙe abin a ciki.

"Yesenia, ɗazu da suka taho, na yi addu'a. Cewa na yi su yi dama."

Yesenia ba ta ɗago ba. "Ni hagu na ce. Da yarinyar nan a kafaɗata na ce Ubangiji, hagu. Taki aka amsa."

"Ki yafe mini."

"Me zan yafe? In suka dawo da gaske, haka zan sake roƙa, ke ma haka. Wa zai ce a ɗauki nasa a bar na wata? Wannan ba ya damuna, 'yar uwa." Ta kashe famfo, ta juyo. Idanunta sun yi ja. "Amma da suka tsallake ƙofarki, ina tsaye a bayan tawa, kunnena yana wajenki. Cewa nake yanzu zan ji ƙofar Corinne ta buɗe, yanzu za ta zo ta karɓi yarinyar nan kafin in yar da ita. Ba ki fito ba."

Corinne ta ajiye tsumman gogewa. Wannan laifin ko kusa bai zo mata a rai ba duk yinin nan, tana can tana fama da wancan.

"Zan fito," ta ce a hankali.

Yesenia ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta kunna famfo, ta ɗauraye faranti, ta miƙa mata.