Balbelar Kyaftin Maharazu

Hoton biki ne ya tayar da maganar. Hajiya Adama ta dawo daga Aujara, inda aka aurar da Zulfa 'yar ƙanwarta, ta zauna a tsakar gidansu na Limawa tana nuna wa mijinta hotuna a waya. Kyaftin Maharazu Adda yana kallo ne kawai don kada ta ce bai damu ba. Tsohon matuƙin jirgin sama ne, ya yi ritaya ya dawo Dutse, ba abin da ya rage masa sai masallaci da 'yar gonarsa ta dabino.

"Ga amarya da ƙawayenta a gonar kawun ango," in ji Hajiya. Ta kai yatsa za ta wuce.

"Tsaya! Koma baya."

Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu har fuskokin 'yan matan suka fice. A bayansu, ƙarƙashin wata tsohuwar rumfar kwano, wutsiyar wani ƙaramin jirgi ce ta leƙo. Fentin ya koɗe, amma ana iya ganin zanen farin tsuntsu mai dogon wuya.

"Hajiya, Balbela ce!"

"Wace balbela kuma?"

"Jirgina! Ni na zana tsuntsun nan da hannuna. Dubi ƙafar, ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

Ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi bai ko lura ba. Balbela ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu da farfela ɗaya, wanda ya saya tun yana saurayi daga wani kamfanin noma da ya tashi. Da shi ya yi shekaru yana feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin gero da shinkafa. Sunan kuwa mahaifinsa ne ya sa masa, don shi makiyayi ne, ya ce farin abin nan da ke bin shanu ta sama ai balbela ce. Da Kyaftin ya samu aikin tuƙa manyan jirage a Legas sai ya sayar da shi. Daga baya wani ya gaya masa an yanka shi an auna a kilo, ya kuma yarda. Shekara talatin da ɗoriya ke nan.

Nan take ya kira 'yarsa Umaima, injiniyar gyaran jirage ce a Kano.

"Baffa, lafiya? Na ji muryarka tana rawa."

"Ki taho gobe da sassafe, ki zo da kayan aikinki. Aujara za mu."

Mai gonar, Alhaji Lado Mailafiya, ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo fura. Kyaftin ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, idonsa na kan rumfar.

"Ranka ya daɗe, marigayi mahaifinmu ne ya sayo shi a gwanjo a Kaduna," in ji Alhaji Lado. "Wai zai riƙa feshi da shi. Aka kawo shi a mota, aka haɗa, aka rasa mai tuƙawa. Shi ke nan ya gina masa rumfa. Amma kada ka matsa sosai, akwai masu gida a ciki."

"Su wa?"

"Zuma. Sun daɗe da kama bayan kujera."

Kyaftin bai saurara ba. Ya nufi rumfar da sauri irin wanda Umaima ta manta rabon da ta gani a ƙafarsa. Tayoyin sun kwanta, yadin da ke lulluɓe da fukafukan ya yayyage, kaji sun yi wa ƙarƙashinsa kaca-kaca. Ya dafa hancin jirgin da tafin hannunsa, ya shafa farfelar katako, yana dariya hawaye na zuba cikin gemunsa. Sai da wata zuma ta harbe shi a kunne sannan ya ja da baya, yana dariyar dai.

Umaima ta zagaya da tocila, mayafinta a naɗe har hanci. Ta leƙa nan, ta ƙwanƙwasa can, ta ɗaga murfin inji ta daɗe tana kallo.

"Yaya?" in ji Kyaftin. "Ki gaya mini gaskiya."

"Rumfar nan ta yi mana rana, Baffa. Ruwa bai taɓa shi sosai ba. Ƙarfen jikin akwai tsatsa wajen wutsiya, amma ba ta ci ciki ba. Yadi duk sai an sake. Injin kuwa sai an buɗe shi tukuna, ba zan yi maka alkawari ba."

"Zai tashi?"

"Na ce ba zan yi alkawari ba."

"To, ba ki ce a'a ba!"

Ciniki bai ɗauki lokaci ba. Sharaɗin Alhaji Lado ɗaya ne: kada a kashe masa zuma. Aka nemo masu amya, suka yi hayaƙi suka kwashe su da saƙarsu zuwa sabuwar amya a kan bishiyar ɗorawa. Abin da aka tatsa ya cika bokiti, aka raba biyu, rabi ya biyo jirgi.

Ranar da tirela ta shigo Limawa ɗauke da gangar jirgin, fukafukan a ɗaure a gefe, unguwar ta fito kaf. Masu babur suka bi ta suna hon, mata suna leƙowa ta ƙofa. Kyaftin yana gaban tirelar ya fito da kansa ta taga yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. A ƙofar gida murna ta tsaya, domin jirgin ya fi ƙarfin get.

"A fasa katanga," in ji shi.

Hajiya Adama ta fito riƙe da ludayi. "Kyaftin, katangar da muka gama bara?"

"Za a mayar, Hajiya. Wallahi za a mayar."

"Kai, zogalena da ke gindinta fa?"

Aka cire zogalen da saiwarsa aka dasa a bayan kicin, sannan aka fasa katangar. Mutum goma sha suka turo Balbela har filin da ke bayan ɗakuna, inda dā ake ɗaure ragunan layya.

Aikin ya ci damina biyu. Umaima tana zuwa duk ƙarshen mako. Injin an kai shi wajen masu lasisin gyara a Kaduna, suka aiko cewa silinda ɗaya ta tsage, sai an nemo wata daga waje. Neman ya ɗauki watanni, har wani tsoho mai tara kayan irin waɗannan jirage a wata ƙasa ya amsa wa Umaima cewa yana da ita. Ranar da saƙon ya zo, Kyaftin ya zagaya maƙwabta yana gaya musu an samu silinda, suna ta yi masa barka ba tare da sun san mece ce ba.

Waldar wutsiya Sagiru ne ya yi, mai garejin da ke bakin titi, mutum mai 'ya'ya shida da bai taɓa shiga jirgi ba. Sau uku Umaima tana sa shi ya sare abin da ya liƙa ya sake. A na ukun ya jefar da gilashin walda.

"Injiniya, motar Legas nake wa walda ta je ta dawo!"

"Ita in ta ɓalle sai ta tsaya a gefen hanya, Malam Sagiru. Wannan fa?"

Ya sunkuya ya ɗauki gilashinsa. Da mai dubawa ya zo daga Kaduna ya ce waldar ta yi, Sagiru ya ɗauki hoton wutsiyar ya manna a garejinsa.

Ɗinkin yadin fukafukai ne ya so ya gagare su. Ana shimfiɗa yadin a kan haƙarƙarin fiffike, a ɗinke shi da doguwar allura, kowane ƙulli daidai da ɗan'uwansa. Hannun Kyaftin ya fara rawa, na Umaima kuma ba ya sauri. Hajiya ta tsaya tana kallonsu wata Asabar, ta yi tsaki.

"Ku matsa. Wannan ai ɗinkin katifa ne."

Umaima ta nuna mata ƙullin sau ɗaya, ta kama. Kafin wata ya ƙare ta gama fiffike guda, ta kuma kafa dokar cewa ba mai shiga wajen da takalmi.

Da inji ya dawo aka ɗora shi, Kyaftin ya kasa haƙurin a kai filin jirgi. Ya ce a gwada shi a gida. Aka ɗaure wutsiyar da igiya a jikin darbejiya, aka sa duwatsu a gaban tayoyi. Jirgin ba shi da sitata, da hannu ake juya farfela. Umaima ta shiga ta zauna, shi ya tsaya a gaba ya naɗe hannun rigarsa.

"Birki?"

"Na taka, Baffa."

"Kunna!"

Ya fizgi farfelar ya ja baya. Shiru. Ya sake, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Gumi ya jiƙa masa riga. Sagiru ya ce a ba shi ya gwada, Kyaftin ya harare shi. Ya yi bismilla ya fizga da dukkan ƙarfinsa.

Injin ya yi atishawa, ya fesar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama da wata irin ƙara da ta girgiza kwanon gida. Iskar farfela ta kwashe shanyar Hajiya, zannuwa suka haye katanga, kuɓewar da ta baza a tabarma ta watse har gidan maƙwabta. Kaji suka tashi sama. A waje mutane suka ɗauki kabbara. Kyaftin ya ɗaga hannu biyu yana tsalle, dattijo mai jikoki, yana ihun da ba mai jin sa saboda ƙara.

Da aka kashe, Hajiya ta dube shi, ta dubi igiyar shanyarta da ba komai a kai.

"To, ya yi. Yanzu ka je gidan Malam maƙwabcinmu ka karɓo mini zannuwana da kanka."

Saura takardu da lafiyar matuƙi. Jami'an hukuma suka zo filin jirgin sama na Dutse, inda aka mayar da Balbela aka haɗa mata fukafukai, suka duba ta ciki da waje. Shi kuma likita ya ce jininsa ya ɗan hau, sai ya sauka kafin a sa masa hannu. Kyaftin ya bar kilishi da shayi mai sukari, ya shiga zagaya duwatsun Dutse kowace safiya da takalmin motsa jiki, har masu kai kaya kasuwa suka saba gaishe shi a hanya. A zuwa na biyu likita ya sa hannu, da sharaɗin tabarau da kuma wani matuƙi a kujerar baya. Kyaftin Abdurrahman, wanda ya taɓa zama mataimakinsa a manyan jirage, ya taso daga Abuja musamman.

Safiyar tashin, gari ya yi garau bayan ruwan kwana. Balbela tana tsaye fara fat, an sake zana tsuntsun a wutsiya. Hajiya da Umaima da Sagiru suna gefe inda aka ba su izinin tsayawa.

"Ranka ya daɗe, ni zan ɗaga ta ko kai?" in ji Abdurrahman.

"Kai dai ka riƙe hannunka a cinya."

Hasumiyar kula da tashin jirage ta ba su hanya. Kyaftin ya tura mai, jirgin ya fara gudu, wutsiya ta ɗaga. Titin an yi shi ne don manyan jirage, Balbela ko kwatansa ba ta ci ba ta rabu da ƙasa. Ya ji sandar tuƙi ta yi rai a hannunsa, ya ji ɗan jan da take yi zuwa hagu, wanda ya manta da shi sai yanzu.

"Abdurrahman! Halinta na nan!"

"Ka rage ihu, ranka ya daɗe, hasumiya na jin ka."

Duwatsun suka koma ƙasa, dabinai suka zama kamar tsintsiya a tsaye. Garin da ya sani dā ƙarami ya bazu ko'ina da tituna da rufin kwano masu launi. Ya nemi Limawa ya gano ta, har ya hango sabon siminti a katangarsa. Suka miƙa kan gonaki, gero ya yi kore shar, ruwa na ƙyalli a fadamu, wani garken shanu ya ratsa burtali a jere. Ya karkata fiffike ya zagaye su daga nesa don kada su firgita. Ya ci gaba da shawagi har Abdurrahman ya taɓa kafaɗarsa ya ce lokacin komawa ya yi.

Saukar ba ta yi kyau ba. Tayoyin suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, ya sake taɓawa ya sake tsalle, sannan ya zauna.

"Sauka uku a tashi ɗaya," in ji Abdurrahman. "Dā da ni na yi haka, da na sha faɗa har Legas."

"Iska ce."

"Babu iska ko kaɗan, ranka ya daɗe."

Suna tsayawa Sagiru ya rugo yana tafi. Hajiya ta kama hannun mijinta ta riƙe. Umaima kuwa ta wuce su kai tsaye, ta durƙusa ƙarƙashin inji, ta shafa yatsa ta ɗago shi da baƙin mai.

"Yana ɗan ɗiga, Baffa. Ba ta sake tashi sai na gano daga ina."

"Ɗigo ɗaya? Ai tun dā haka take!"

"Dā ba ni ke sa hannu ba."

Kyaftin ya dubi Abdurrahman yana neman agaji, shi kuwa ya ɗauke kai yana kallon hasumiya. Sai ya cire hularsa ya miƙa wa Hajiya, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa kusa da 'yarsa.

"To, miƙo sifana. In muka yi sauri, da la'asar ke ce a kujerar baya."

"Ba ni da lasisin tuƙi, Baffa. Likita cewa ya yi matuƙi."

"Sai Abdurrahman ya ɗauke ki, ni in tsaya a nan in ga yadda shi zai sauka."