Binnen Attahiru

A ƙauyenmu, can bayan Sae Sabuwa, ba kowa ke yin binne ba. Binne shi ne mutum ya shuka hatsi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya koma gida ya zuba wa sama ido. Masu hankali na cewa caca ce. Attahiru kuwa duk shekara sai ya yi, don yana son a ce gonarsa ta riga ta kowa tsira.

Bana ma ya yi, ko da yake da ƙyar ƙafafunsa ke ɗaukarsa. Tun farkon bazara ciwo ya kayar da shi, ya rame har 'ya'yansa na tsoron leƙa ɗakin. Rumbu ya ƙare, sai busasshen ganyen tafasa da ɗan dusa. A likita, wato asibitin Gidan Rumji, aka ce masa magani ba ya aiki a cikin da babu komai. Abin da ya rage a gidan shi ne iri, cikin wani babban gora, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Ko mahaukaci ya san ba a taɓa iri.

Matarsa Gimbiya ce ta yi jinyarsa. Kullum da safe sai ga kunu mai kauri, ta ce daga gidan yayanta Hayatu aka aiko da hatsin. Hayatun da ko kara ba ya bayarwa kyauta! Amma mara lafiya ba ya bincike. Ya yi ta sha har ya miƙe.

Ranar binne ya shige gaba da sungumi yana sara, ita tana biye da ƙwarya, tana zubawa tana rufewa da diddige. Attahiru mutum ne mai mita. A da, kowane layi sai ya juyo ya ce ta cika hannu, ko ta yi rowa. Ranar nan har suka kai gawon da ke iyakar gona bai waiga ba.

Ruwa ya sauka, ruwan shuka na gaske, kowa ya bazama gona. Ba a daɗe ba ko'ina ya yi kore shar. A gonar Attahiru kuwa layukan bakin hanya ne kawai suka tsira, sauran ja wur kamar filin Idi. Mutanenmu ba sa rasa bayani a kan masifar wani: wannan ya ce ɓeraye ne, wancan ya ce zabi, wata ta rantse sammu ne. Ya bi gida gida neman iri, kowa ya ce nasa na ƙasa. Abin tausayi ne ka ga magidanci yana yawo da ƙwarya wayam alhali damina na wucewa.

Da la'asar Gimbiya ta same shi durƙushe a tsakiyar gonar, yana tona ramukan da yatsu, ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, bar tonon nan," ta ce. "Babu komi ciki."

Bai ɗago ba.

"Rairayi na zuba. Ɗan abin da ya rage shi ne na bakin hanya. Hayatu bai aiko da ko tsaba guda ba. Goran na hwasa, na wanke irin, na dama maka." Ta matso kusa da shi. "Na ga kana tahiya, na kasa. In sakina za ka yi, ka yi."

Ta tsaya tana jiran mari. Da ya mare ta ma da ta ji sauƙi.

Attahiru ya kakkaɓe hannuwansa a hankali. "Gimbiya, wanki bai hidda toka duka. Tun ludayin hwarko na ji ta a harshena."

"Ashe ka sani?"

"Na sani. Na shanye, na miƙo miki ƙwarya na ce ki ƙaro."

Ta zauna daɓas a kan ƙasar da ke da sauran laima. Daga maƙwabta ana jin ƙarar hauya, masu rabo sun fara noman fari.

"To in ka sani, mi kake biɗa cikin ramun nan?"

Ya dubi ramin da ke gabansa, ya sake cusa yatsu a ciki.

"Na ce ko kin hi ni tausayin yaran nan, kin rage musu wani abu a ƙasa."