Allon da Yake Lanƙwasa

Tun da saƙon Mahfuz ya shigo Saude ta kasa zama. Ta ɗora tukunya ta sauke, ta sake share tsakar gidan da ta riga ta share. Ƙaninta ne, yana karatu a Turkiyya, a wani gari mai duwatsu da dusar ƙanƙara. Abokansa za su kai shi ya koyi zamiya daga saman dutse, ƙafafunsa biyu ɗaure a kan allo ɗaya. Yana cikin shago ya turo mata bidiyo. Mai shagon ya danna wani baƙin allo da tafin hannu, ko gezau bai yi ba. Ya danna kore, sai ya lanƙwasa kamar zai karye.

"Ya Saude, zaɓar mini," in ji muryar Mahfuz. "Duka biyun suna shiga ko'ina a dutsen. Ni da mai shagon ba ma jin juna sosai. Ai ke kika saba zaɓar mini takalmi."

Takalmi daban, wannan daban. Ƙafarsa ta hagu take tunani, wadda ta karye yana yaro da ya faɗo daga katanga. Mai ɗori ya ce in ta sake karyewa a wurin, to sai dai sanda.

Ta yafa mayafi ta nufi rumfar Baba Dzarma, kafintan layinsu a Gwange. Ta miƙa masa wayar.

"Baba, ina wuni. Don Allah duba mini wannan."

Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya kalli bidiyon yana tsuke ido.

"'Yata, wannan koren ai faifai ne. Ko benci ba na yi da katakon da yake rawa haka. Mutum zai ɗora ransa a kai? Ya ɗauki baƙin. Shi kuma wancan ja'irin, karatu aka tura shi ko wasan sulu?"

Ta yi godiya, ta ɗauki murya a waya ta ce baƙin. Saƙon ya ƙi tafiya, babu sabis. Ta ɗaga wayar sama, ta je ƙarshen layi, ta dawo. Ƙarshe ta tare keke Napep ta ce ya bi da ita hanyar Gamboru, inda sabis yake kamawa.

Kujerar keken ba soso, katako ne tsirara. Ramin farko ta ji shi har cikin haƙoranta.

"Malam, a hankali mana!"

"Hajiya, ba ni ba ne, hanya ce," in ji mai keken yana dariya. "Kujerar nan ni na sa aka yi. Maɗaci ne, har abada ba za ta lanƙwasa ba."

Suka sake faɗawa wani ramin. Kujerar lafiya lau, ƙugunta ne ya amsa. Saude ta dafa katakon, ta kalle shi, sai baƙin allon nan ya faɗo mata a rai. Ta duba wayar. Saƙon ya riga ya tafi, har Mahfuz ya saurara.

Nan take ta kira shi.

"Mahfuz, ajiye baƙin nan!"

"Ya Saude, yanzu fa kika ce…"

"Na ce, na fasa. In shi bai lanƙwasa ba, ƙafarka ce za ta sha dukan. Ɗauki koren."

"Baƙin fa ya fi kyau a hoto."

"Hoton gidanku. Ajiye shi na ce."

Ta ji yana magana da wani a yaren da ba ta sani ba, sai ta jiyo mai shagon da babbar muryarsa ya ɗauki ihu da tafi.

"Wai tun ɗazu abin da yake ta nuna mini ke nan," in ji Mahfuz. "Koren ne na 'yan koyo. Ni na zaci aibinsa yake nuna mini."

"Kuma ka bi ƙasa-ƙasa. Kar ka hau can sama."

"To, Ya Saude. Gobe in na gwada zan turo miki bidiyo."

Ta ce wa mai keken ya tsaya. Ya tambaya ko ya mayar da ita Gwange, ta girgiza kai. Da ƙafa ta kama hanyar gida, wayar a damƙe a hannunta, tana tafiya tana dubawa.