Fasto a Ƙofar Maman Clem

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Amma ranar ina tsaye a jikin shingenmu da ke kallon gidan Maman Clem, kuma har yau babu wanda ya faɗi abin yadda ya faru.

Maman Clem tana shanya sa'ad da keken Fasto Hocking ya karyo kwanar layinmu na masu haƙar tagulla. Tun da aka fara yaƙi, idan soja ya mutu, fasto ake ba takardar waya ya kai gidansu. Shi ya sa mata suka daina yi masa sannu da zuwa. Kowace ta fito ta riƙe ƙyaurenta tana kallon inda tayar gaba za ta nufa.

Ya wuce gidan Dulcie, mai 'ya'ya biyu a fagen yaƙi a Faransa.

"Na gode Allah!" in ji Dulcie, da ƙarfi. Sai ta toshe bakinta, don gida ɗaya ya rage a layin.

Maman Clem ta ji. Ta ajiye kwando, ta je ta zura sakatar ƙofar shinge, ta dawo ta ɗauki rigar ɗanta ta aikin rami. Shekara biyu ke nan Clem yana sojan ƙasa. Ya tsira daga yaƙin Gallipoli da rabin kunne, aka tura shi taɓon Faransa, ita kuwa duk Litinin sai ta wanke rigar nan don kada ya dawo ya tarar tana warin akwati.

Fasto ya jingine keke, ya cire hula.

"Maman Clem, buɗe mu shiga daga ciki."

"Ina aiki."

"Magana ce ta zaune."

"Ta zaune?" Ta yarfe rigar, ruwa ya fallatsar masa a takalmi. "Ranar da ka kira shi yaƙi, a tsaye kake, kan mumbari. Ka nuna shi da yatsa ka ce ƙato kamar wannan yana ɓuya a rami. Har 'yan bayan coci sun ji, suka yi dariya."

"Don ƙasa na yi..."

"To, yi don ƙasa yanzu ma. Faɗi daga nan. Ina muryar taka?"

Ya ciro takardar, ya fara karantawa ƙasa-ƙasa.

"Ba na ji, Fasto. Dulcie ma ba ta ji. Matso, Dulcie, ai ke kika fara godiya."

Ya faɗa. Clement Tregear, harsashi, wata guda da ya wuce. Muryarsa ta kai har ƙarshen layi, kamar ranar Lahadi.

Wata guda. Ta tsaya tana tuna Litinin ɗin da ta yi ta wanki, yaron yana cikin ƙasa.

"An ce bai sha wahala ba," in ji Fasto.

"Haka ka ce wa kowa."

Ya miƙo takardar ta saman shinge. Ba ta karɓa ba, hannunta da ruwa. Ya rasa yadda zai yi, ya soke ta a tsinin katako, ya ja kekensa a ƙasa ya tafi.

Ta rataya rigar a igiya, ta miƙar da hannuwan, ta gyara wuyan. Matan layi suka fara tahowa ɗaya bayan ɗaya, Dulcie a can baya da butar shayi, amma sakatar tana nan a zure. Kafin wata ta waiwayo na sulale ta bayan tankin ruwa. Rigar tana ta ɗiga a kan ƙasa.