Ma'anar Bakin-Taga

Auta tana tsakiyar yanka hannun riga aka miƙo mata ɗan littafin da ƙungiyar teloli ta buga, na kalmomin sana'a da ma'anarsu. Ta ajiye almakashi tana dubawa, har ta iso shafi na tara. Nan ta ga an rubuta: "Bakin-taga: ilimin banza da ba shi da mai shi. Asalinsa daga sharar da ake watsarwa ta taga."

Ta sake karantawa. Ko keken ɗinkin ba ta rufe ba ta fice, tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon zare. Sakatare na zaune, kwalayen littafin jibge a gefensa. Ta buga nata a kan tebur.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Uwata ce shara?"

"Ikon Allah. Ni ina na ambaci mahaifiyarki?"

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Da can duk layin nan mai yanka ba ya yanka a gaban mutum. Ko ya juya maka baya, ko ya aike ka sayen maɓalli. Shekara shida Inna ta yi a shagon wani, ba a nuna mata yadda ake fitar da wuya ba, sai da ta riƙa farke tsofaffin riguna tana koya. Da ta buɗe nata shagon, ta zana duk abin da ta sani a wani babban littafi, ta huda shi, ta ɗaure da igiya a ƙarfen taga ta waje. Wanda ya ga dama ya zo ya kwafa. In an tambayi mutum ina ya koyi wannan yankan, sai ya ce bakin taga. Daga nan kalmar ta fito. Abin da kowa ke da ikon ɗauka ake nufi, ba abin da aka yar ba!"

Sakatare ya cire tabarau ya goge. "Ki yi haƙuri, ni ba ƙirƙira na yi ba. Gidanku na je na tambaya. Yayanki ne ya ba ni wannan ma'anar, kalma da kalma."

Yayan nata ya daɗe da barin ɗinki, gyaran fanka da dutsen guga yake yi. Ta same shi ya buɗe cikin wata fanka, sukurori zube a murfin gwangwani. Ta tambaye shi, bai ko ɗago ba.

"Eh, ni na faɗa," in ji shi. "Gobe ma in an tambaye ni haka zan ce."

"Yaya, ba ka ji kunya ba?"

Sai ya jefar da sukudireba. "Kunya? Ke kina goye lokacin, me kika gani? Ni na ga waɗanda suka kwafa sun buɗe shaguna dama da hagu, sun kwashe mata mutane, ta koma facin wanduna. Da idonta ya mutu, wa ya taka ya zo duba ta? Mutum biyu! Abincinmu ta watsar ta taga, ke kuma kina so a yi mata kirari."

"Nata ne, ta bayar. In haushinta kake ji, da ka faɗa mata tana raye, ba ka jira ta mutu ka zage ta a takarda ba."

"Na faɗa mata. Dariya ta yi."

Auta ta ƙara tunzura. "Ina littafin Inna?"

"Yana inda ba mai taɓa shi."

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba. Ja mini ƙofa in kin fita."

Ta bar masa ita a hangame.

Sakatare ya ce ba za a sake bugawa ba, amma ya yarda a liƙa gyara. Ya so a sa ma'anonin biyu, ta ce sai dai bayan ranta. Kwana uku shagonta na rufe, tana yanka 'yan takardu tana shafa gam, masu kaya na ta mita a waya. Matar yayanta ta aiko cewa maigidan ya ce kada ta ƙara taka masa gida.

Saura littattafan da aka riga aka raba. Ta bi shago-shago da kwalbar gam. Wasu suka miƙo, wasu suka ce sun ɓatar. A ƙarshen layi wani dattijon tela ya karanta gyaran yana gyaɗa kai.

"Gaskiya ne, 'yata. Ni ma a bakin tagar na koyi kwat, da shi na aurar da 'ya'yana. Wai wace ce ma mai littafin a cikin matan layin nan, doguwar nan ko mai ɗingishi?"

Auta ta danne takardar da babban yatsa har gam ya tsattsafo ta gefe.

"Doguwar, Baba," ta ce. Ta rufe kwalbarta ta fita.