Tsakar Gidan Rufa'i

Da aka zo rabon gidan marigayi Malam Inuwa a garin Ƙofa, shekara guda bayan farin da aka yi a tamanin da huɗu, ba a yi gardama ba. 'Ya'ya biyu ya bari, Mainasara da ƙanensa Rufa'i. Rufa'i, wanda tela ne, ya karɓi gonar bayan gida, saboda haka aka yanka masa tsakar gida 'yar siririya. Mainasara ya sami fili mai faɗi, da zaure, da kuma Inna, mahaifiyarsu, wadda ɗakinta ya faɗo ɓangarensa. Ya ɗauki wannan na ƙarshe a matsayin shaidar wane ne ɗa na gaske.

Malam Ladan, limamin unguwa, shi ya auna da igiya. Ya sa aka binne dutse a kowane ƙarshen iyaka, aka kafa dangar kara a kai, aka bar 'yar ƙofa a tsakiya. Kowace shekara bayan kaka Mainasara ke sabunta dangar da hannunsa, don bai yarda a bar iyaka a hannun ƙane ba.

Mainasara mutum ne mai imani cewa duk abin da ya lalace yana jiran ranarsa. A tsakar gidansa akwai rumbu biyu, da turken awaki, da amalanke mai taya ɗaya, da ganguna uku, da kwanon rufi mai tsatsa, da babur ɗin da bai ƙara tashi ba tun da soja suka karɓi mulki. Duk abin da ya rasa wurin zama a jikin danga ake jingine shi.

A ɓangaren Rufa'i kuwa, shekarar farko idan matarsa Tasalla ta shanya zane sai an sunkuya ake wucewa. Daga nan ta fara kwashe kaya daga ƙasa. Ƙwarya da faifai da matankaɗi duk suka hau bango. Rumbu ya koma bakin gona. Ta shuka kabewa ta ɗora ta kan rufin ɗaki, ta jera zogale a layi ɗaya ta gindin katanga. Ta tara matan unguwa suka yi daɓe tun daga bakin ɗaki har ƙarshen gida, ta shafe bango da farar ƙasa. Rufa'i ya rage tsawon katangar baya, wadda ta kalli gonarsa. Mutum yana zaune sai ya hango dawa da tsamiyar bakin rafi, ya ji kamar tsamiyar ma ta gidan ce.

Wata rana da hantsi Inna ta naɗe tabarmarta ta bi ta 'yar ƙofar. Ba ta dawo ba sai la'asar. Kashegari haka. Cikin mako biyu duk mai zuwa gaishe ta ya daina tsayawa a zauren Mainasara.

"Inna, me ya same ki a nan?" in ji Mainasara.

"Ba abin da ya same ni. Can ɗin nakan miƙe ƙafata ba na zungurin ganga."

"Can ɗin? Wurin da bai kai turken awakina ba?"

"To, gidan Rufa'i akwai sarari."

Inna ba ta taɓa kama sunan Mainasara ba, don shi ne ɗan fari, kuma ya daɗe yana jin daɗin wannan kunya. Ranar ce ya fara lura cewa sunan Rufa'i ba ya yi mata nauyi a baki ko kaɗan.

Ya samu matarsa Asabe tana tankaɗe a ɗan wurin da ke tsakanin babur da rumbu.

"Kin shiga gidan can kwanan nan?"

"Na shiga, Malam. Kai ka ce makarantar firamare."

"Ƙasa ba ta girma, Asabe. Ni na riƙe igiyar nan ranar rabo."

"Ni dai abin da idona ya gani na faɗa."

Ya je ya leƙa ta tsakanin kara. Ga Inna a zaune ta miƙe ƙafa, ga mata huɗu a gefenta, kuma har da sauran wuri. Ya waiga ya dubi nasa. Lissafin bai yi masa wuya ba: idan can ya ƙaru, nan ya ragu, to danga ce ta yi tafiya. Cewa shi ne ke kafa dangar kowace shekara bai hana shi ba. Tela mutum ne da ya san yadda ake cin kamu guda a yadi ba a gane ba.

Ranar Asabar ya kira Malam Ladan da dattawa biyu. Rufa'i ya taso daga kan keken ɗinki da zare a wuyansa.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Iyaka za a duba."

"Dangar da kai kake kafawa?"

"Ni nake kafawa. Ba ni nake kwana kusa da ita ba."

Malam Ladan ya ce, "Mainasara, ka tabbata kana so a tona? Dutse ba ya kara."

"A tona, Allah gafarta Malam."

Aka tona gindin dangar, ba dutse. Mainasara ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya ce bai gani ba. Aka matsa ɓangaren Rufa'i aka fasa daɓen Tasalla, inda Mainasara ya nuna, nan ma ba komai. Sai Malam Ladan ya ce a ɗage amalanken. Da ƙyar mutum uku suka janye shi. Dutsen yana ƙarƙashinsa, kamu ɗaya da rabi cikin gidan Mainasara. Na biyun yana ƙarƙashin ganguna. Shekara shida kaya na tura danga, shi kuma yana kafa sabuwa inda ya tarar da tsohuwa.

"To," in ji Malam Ladan. "Danga ta yi tafiya, gaskiyarka. Sai a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa."

Rufa'i ya dubi Tasalla, wadda ke tsaye bakin ƙofa tana kallon ramin da aka yi mata a daɓe.

"Malam, a bar wa Yaya," in ji ta. "Mu wurin ya ishe mu. Shi ne ke cikin matsi."

Rufa'i ya maimaita a gaban shaidu cewa ya ba yayansa kyauta. Malam Ladan ya ce a yi godiya. Mainasara ya yi godiya, dattawa biyu suna ji, kuma ɗayansu mai shago ne a bakin kasuwa.

Sati na gaba Mainasara ya tashi gyara. Ya sayo farar ƙasa ya shafe bango. Ya sa Asabe ta rataye ƙore. Ya tsaya gaban babur ɗin da niyyar fitar da shi, ya tuna injinsa lafiya yake, sai ya shafa masa farar ƙasa a taya ya bar shi. Gangunan ya ɗora su kan juna. Amalanken ya mayar da shi inda yake, tunda yanzu wurin nasa ne halak.

Da hantsi ya share gindin bango, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya tsaya kusa da ita. Inna ta fito da tata a hammata. Ta dubi bangon, ta dubi ƙoren, ta daɗe tana kallon tayar babur.

"Sannu da aiki," in ji ta. "Ya yi kyau. Har ya fara kama da na Rufa'i."

Ta kewaye gangunan, ta sunkuya ta shige 'yar ƙofar.