Hannun Hagun Baba Alfiado

Mahaifina Alfiado shi ke zama a tsakiyar sahun gaba. A nan Zavala, wanda ya zauna a wurin nan shi ne jagoran timbila, kiɗanmu na jeren katako da ake bugawa da sanduna. Shi ke ƙaga waƙoƙin shekara, shi ke fara dukan katako, makaɗa da 'yan rawa duk shi suke bi. Ba a tsige jagora. Amma ranar da wani ya furta a gaban jama'a cewa hannunsa ya gaza, to da ƙafarsa zai tashi.

Ni ne a damansa tun da na watsar da boko. Na taɓa yin yaron mota, na taɓa wankin kifi a Inhambane, ko'ina sai in ji zama ya ishe ni in dawo.

Hannun hagun Baba ya daɗe da fara nauyi. Kaɗan ne, baƙo ba zai ji ba. Ba wanda ya ce uffan, sai dai muka riƙa jiransa. In sandarsa ta makara, tawa ma ta makara, na baya su sassauta, 'yan rawa su ɗan riƙe ƙafa. Zefanias kaɗai, ɗan ƙanen Baba, ke zuba nasa ba ya waiwaye.

"Kai, kare ne ya biyo ka?" na taɓa ce masa.

"Gildo, ni kiɗa na zo yi, ba rakiyar gawa ba."

Sai ga masu bincike daga Maputo, su uku: likitar jijiya, Dakta Ilda, da wani malamin tarihi mai furfura, da wani saurayi mai tsara kiɗa. Suka ce suna son sanin yadda taron mutane ke zama jiki ɗaya in ana kiɗa. Suka ɗaura mana 'yan maɓallai a wuyan hannu, Baba kuma suka kifa masa hula mai wayoyi.

"Tsoho ya zama rediyo!" in ji wata cikin matan.

Baba ya ce, "In kun kamo tashar da ke cikin kan nan ku gaya wa uwar Gildo, ta daɗe tana nema."

Sun ci tuwo da miyar ganyen rogo tare da mu, da hannu. Malamin tarihin ya wuni wajen tsofaffi yana tambayar waƙoƙin da. Mutanen kirki ne, abin da ke ƙona min rai ke nan.

Bayan an gama tsince 'ya'yan kashu a gonaki suka dawo. Suka ce ba sa son su zama masu ɗauka su tafi, sai sun nuna wa gari abin da suka gano. Aka cika ɗakin taron coci, aka rataya farin ƙyalle. Aka haska na'ura, kowane makaɗi da layin bugunsa a jikin ƙyallen, yana hawa yana sauka.

Dakta Ilda ta rusuna, ta sassauta murya, amma lasifika na hannunta.

"Baba, hannunka na hagu yana makara. Ina roƙonka ka zo asibiti, irin wannan da wuri ake tare shi."

Na ga malamin tarihin ya kama mata hannun riga. Magana ta riga ta fita. Saurayin nan ya so ya gyara.

"Amma ku ga abin sha'awa! Duk layukan suna lanƙwasawa suna jiransa. Musamman wannan, na Gildo. Guda ɗaya ne kawai bai jira ba."

Baba bai dubi likitar ba. Ni ya duba.

"Tun yaushe?"

"Baba, ai ba wani..."

"Na ce tun yaushe?"

"An daɗe."

"Wato ina gaba ina taƙama, ku kuwa goya ni kuka yi kamar jariri. Har waƙar da na yi wa Matimbe cewa ya tsufa ya kasa rawa, kuna bugawa kuna jirana?"

Matimbe, tsohon ɗan rawarmu, na nan zaune, ya sunkuyar da kai.

Baba ya tashi, ya zaro sandunansa masu kan roba daga jaka. Na miƙe ban ma sani ba, don duk gari ya san ni ne mai gado. Ya wuce ni ya tsaya gaban Zefanias.

"Karɓi, marar kunya. Kai kaɗai ne ba ka yi min ƙarya ba."

Baba ya je asibitin. Dakta Ilda da kanta ta aiko mota, kuma maganin ya yi masa amfani, yanzu yana riƙe kofi ba ya zubarwa. Sai dai ko an fara kiɗa a dandali ba ya fitowa, yana bayan gida yana ɓare kwakwa. Ni kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Zefanias ya ce in ci gaba da zama a damansa. Na zauna sau ɗaya. Muna cikin bugawa ya juyo ya daka min tsawa.

"Wa kake jira?"

Ashe har yanzu sandata makara take yi, tana jiran ta Baba. Washegari na tari motar Maputo.